Ranar da Falon Abba Ya Gasa Shakir

Assalamu alaikum masu bibiyata. Na ga saƙonninku, na ga masu cewa na yi shiru da yawa, har da wata baiwar Allah da ta rubuto tana tambaya wai ko an fasa ne. Ku gyara zama ku ji yadda ranar ta kasance, don ni kaina har yanzu idan na tuna sai na yi dariya ni kaɗai a mota.

Saboda sababbin zuwa: sunana Mahbuba. A Kano aka haife ni, a Riyad na yi wayo. Abbana likitan ƙashi ne, Dakta Bashari, muna zaune a unguwar Nasiriya a nan Riyad, ni kuma ina aiki a ɗakin ba da magani na wani asibiti. Shakir kuwa ɗan Gusau ne, ɗalibi, yana digiri na biyu a fannin fiƙihu, kuma shi ne mutumin da ya hana zuciyata sakat tun bara. Da na samu ƙarfin halin gaya wa Umma, ita kuma ta gaya wa Abba, amsarsa gajera ce: ya zo ranar Juma'a bayan la'asar, zai gan shi sau ɗaya, a ranar zai faɗi matsayarsa. Duk wanda ya san Abba ya san ba ya magana biyu. Idan ya ce a'a, ko kuka na yi har idona ya kumbura, ruwan sanyi kawai zai miƙo min.

Sai ga Goggo Rakiya a tsakiyar lamarin. Yayar Abba ce, ta zo umara daga Kano ya ɗauko ta ta huta a wurinmu. Ina son Goggo, Allah ya sani, amma ta taho da nata ɗan takarar a jaka: ɗan wata aminiyarta mai shago a Kwari, wanda ta nuna min hotonsa har na haddace launin hularsa.

"Ɗalibi?" ta ce da ta ji labarin Shakir. "Na san su sarai. Namiji ya kai wannan shekarun a ƙasar waje, ki ce babu wadda ya baro a gida da goyo? A bar ni da shi. Ni ba na buƙatar bincike. Tambaya zan yi masa in kalli goshinsa. Marar gaskiya ba ya iya riƙe guminsa."

"Goggo, ai a wurin maza za a yi zaman," na ce a hankali.

"Ni uba ce a gidan nan, 'yar nan. Bashari a bayana ya girma."

Abba yana ji ya ƙyale ta. Ita kaɗai ce a duniya yake yi wa haka, kuma ita kaɗai ce maganarta take iya karkata tasa.

Yanzu bari in gaya muku labarin falon baƙinmu, wanda mu a nan muke kira majalis. Kafin mu kama gidan, wani injiniya ɗan Koriya ne a ciki, shi ya sa aka shimfiɗa wayoyin ɗumama ɗaki a ƙarƙashin tayil. A jikin bango akwai wani ɗan farin akwati, bai fi sabulun wanka girma ba, yana nuna lamba. Ranar da muka tare, mai gadin gidan ya ja kunnenmu cewa wayar da take jin zafin ƙasan ta mutu, iskar ɗakin kawai akwatin yake ji, don haka a bi shi a hankali. Muka ce to, muka manta. Ba mu taɓa kunna shi ba. In sanyi ya zo, kowa ya zura safa da takalmin ɗaki, shi ke nan.

Masu cewa Saudiyya zafi ce kawai, ku zo Riyad a watan Janairu. Ranar Juma'ar nan Goggo ta fito da rigar sanyi biyu, safa mai kauri, da hular ulu a ƙarƙashin ɗankwali. Ta leƙa majalis ta ja da baya.

"Bashari, a cikin firij ɗin nan za ka ajiye baƙi? Su je su ce gidan likita babu ko garwashi?"

Abba ya tsaya gaban akwatin nan ya sa tabarau, ya yi ta danna kibiyar sama har lamba ta kai talatin, ya juyo yana murmushi kamar shi ya ƙera abin. Umma kuma ta sa aka shimfiɗa sabon kafet ɗinta mai kaurin gaske, wanda ta ce ko ƙuda bai isa ya taka shi da takalmi ba. Aka rufe ƙofa aka tafi harkar girki.

Da Abba ya dawo daga masallacin Juma'a, ɗakin ya yi ɗumi har ya soma yawa. Ya je zai rage, akwatin ya ƙi, wai ya kulle kansa, sai wani ɗan hoton makulli yake nunawa. Abba ya danna nan ya danna can, ya ce, "Ma'alesh," wato ba komai, ya ɗauki rimot ɗin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Mu mutanen Riyad haka muke, ko zazzaɓi ne ya kama mu hannunmu rimot yake fara nema. Cikin ɗan lokaci iska ta yi daɗi, kowa ya ce madalla.

Ni ina can ina fama da kaina. Na sa doguwar riga ta atamfa ruwan zuma, na cire, na sa leshi, Umma ta ce ba biki ake ba, na koma atamfar. Na yafa mayafi ruwan madara, na ɗan zizara kwalli, turaren wuta kuwa har sai da Goggo ta yi tari. Waya ta yi ƙara, saƙon Shakir ne.

"Mun shigo layinku. Ki yi min addu'a."

"Allah ya ba da sa'a. Ka gaishe da Goggo sosai, kuma kada ka yi Larabci da yawa."

"Sam'an wa ɗa'atan," ya rubuto, wato ya ji ya bi. Kun ga irin jin maganar.

Ta bayan labulen da ya raba majalis da hanyar kicin na leƙa su. Shakir ya sha farar shadda ɗinkin tazarce da hula zanna, ya yi kyau har na ji haushin ba zan iya ɗaukar hoto ba. Tare yake da Malam Jibirilla, wani dattijo ɗan garinsu da ya daɗe yana aiki a wani sito a unguwar Sulay, shi ne a matsayin babbansa a nan. Malam Jibirilla yana ɗingishi, Abba kuwa da ya ga gwiwa mai ciwo ba ya iya haƙuri, nan take ya zaunar da shi a kujera ya turo masa ɗan tebur ya ce ya ɗora ƙafafun. Abba ya hau tasa kujerar ya tanƙwashe ƙafa kamar yadda ya saba. Goggo ta hakimce da safarta da takalminta a kan kafet ɗin Umma, wa ya isa ya ce ta cire.

"Bismillah, ga kujera," Abba ya ce wa Shakir.

"A'a Abba, nan ma ya isa."

Ya durƙusa ya gaida kowa, sannan ya naɗe ƙafafunsa a tsakiyar kafet, kansa a sunkuye. Na ji daɗi a raina, na ce yau Goggo za ta ga tarbiyya.

Da farko komai lafiya. Abba ya tambayi karatunsa, iyayensa, abin da yake shirin yi in ya gama. Yana amsawa a natse. Can sai na ga ya ɗan gyara zama. Jim kaɗan ya sake gyarawa. Ya mayar da nauyinsa hagu, ya dawo da shi dama. Lokacin da Goggo ta yi gyaran murya, goshinsa ya riga ya fara ƙyalli.

"Samari, shekarunka nawa?"

"Talatin da ɗaya, Hajiya."

"Talatin da ɗaya. Kuma duk Gusau ba a samu wadda aka ɗaura maka ba?"

"Ba a samu ba, Hajiya. Karatu ne ya..."

"Ɗago ka kalle ni. Ba ka da mata? Ba ka da ɗa?"

"Wallahi ba ni da su."

Yana rufe baki wani gumi ya gangaro daga ƙarƙashin hular ya sauka a kan farar shaddar. Goggo ta kalli Abba, irin kallon nan na ai na gaya maka. Na ga Abba ya cire tabarau ya ninke, kuma na san ma'anar hakan.

Aka kira Abba daga asibiti ya zura takalmin ɗaki ya fita amsa waya, Goggo ta taso ta nufo kicin. Kafin ta iso saƙo ya shigo min.

"Mahbuba, ɗakin nan akwai ɗumi."

"Mukayyif fa a kunne yake. Tsoro ne kawai, ka daure."

"In sha Allah."

Goggo ta shigo tana tafa hannu, ta dubi Umma. "Kun gani ko? Ni ina rawar ɗari, shi yana wanka da gumi. Ya kasa zama wuri ɗaya sai mutsu-mutsu yake kamar mai basir. Maimunatu, yaron nan akwai abin da ya binne. Ni dai na gama nawa."

Umma ta ci gaba da jera dabino a faranti, fuskarta ta faɗi. Ni kuma, gaskiya zan gaya muku, zuciyata ta buga. Na san Shakir, ko a gaban malamansa ba ya rawar murya. To me ya jiƙa shi haka a kan tambaya ɗaya? Shaiɗan ya fara zana min wata mata a Gusau, har da sunan ɗanta. Na ji tsoro, na ji haushi, na kuma ji kunyar kaina da nake zarginsa.

"Ɗauki gahawar nan ki kai," Umma ta ce. "Ki gaishe su ki fito, ban da kalle-kalle."

Na cire takalmi a bakin ƙofa saboda dokar kafet. Taku na farko na ji ɗumi a tafin ƙafata, har da ɗan daɗi. Na durƙusa kusa da tebur ina zuba gahawa, kafin in cika kofi na biyu zafi ya ratsa atamfar ya kama min gwiwa. Da zan miƙe na dafa tayil ɗin da kafet bai rufe ba, saura kaɗan in saki butar. Kamar na dafa murfin tukunya.

Na saci kallon Shakir. Idonsa a ƙasa, kunnuwansa sun yi ja, bayan rigarsa ya manne da jikinsa. Na ɗaga ido na kalli akwatin bango: sha shida yake nunawa. Sha shida, a ɗakin da ƙasansa zai iya gasa gurasa. Sai na bi iskar mukayyif da ido, na ga bakinsa saitin akwatin yake, yana hura masa sanyi kai tsaye. A wurin aikinmu mun taɓa shan irin wannan da ma'aunin firij ɗin magani, wuri ɗaya yake ji ya yanke wa ko'ina hukunci. Akwatin nan shi a saninsa ɗakin ƙanƙara ne, an ce masa ya kai talatin, don haka tun azahar yake ƙara wuta bai huta ba. Kafet ɗin Umma kuma ya danne zafin ya tara shi. Duk ɗakin mutum ɗaya ne jikinsa yake taɓa ƙasa, shi ne wanda ya ƙi kujera don ladabi.

Na fito da sauri na ja Umma gefe na raɗa mata.

"To yanzu so kike ki shiga ki ce Abbanki ya yi kuskure a gaban baƙi?" ta ce. "Rufa min asiri. Nemi wata hanya."

Wata hanyar ita ce akwatin makunnan wuta da ke lungun kicin. Na buɗe, na tarar ɗan Koriyan nan ya yi wa kowane makunni rubutu da kyau, amma da harshensu. Na yi bismillah na sauke na farko, firij ya yi shiru. Na mayar. Na sauke na biyu, tanda ta mutu da kazar Umma a ciki, ta jefo min harara daga nesa. Na mayar. Na sauke na uku, sai na ji majalis ya yi tsit, fitila da mukayyif duk sun ɗauke.

"Mahbuba."

Muryar Abba ce, ashe ya dawo daga amsa wayar. Ba da ƙarfi ya kira ba, wanda ya fi tsawa ban tsoro. Na mayar da makunnin na tafi. Na durƙusa a bakin ƙofa, inda babu wayoyin ɗumamar.

"Wa yake wasa da wuta?"

"Ni ce, Abba."

"Dalili?"

A al'ada ko tari bai kamata in yi a gaban Shakir da babbansa ba. Amma na kalli tabaran nan a ninke a hannun Abba, na san in na yi shiru yanzu, shirun zai bi ni har tsufa.

"Abba, a yi min afuwa. Ƙasan ne ya yi zafi. Mukayyif yana hura akwatin can, shi kuma ya zaci sanyi ake, sai ƙara wuta yake." Na juya wurin Goggo da ta dawo kujerarta. "Goggo, don Allah ki cire takalmi da safa ki taka."

"Ni? A sanyin nan? So kike ki kwantar da ni?"

"Ƙafa ɗaya kawai, Goggo."

Ta yi tsaki, ta zare safar tana mita, ta ɗora ƙafa a kan tayil. Ban taɓa sanin Goggo tana da sauri haka ba. Kafin ƙiftawar ido ƙafafunta biyu suna kan kujera tana salati. Malam Jibirilla ya sunkuya ya ɗaga gefen kafet ɗin, wani hucin zafi ya taso har ya kawar da fuska.

"Bawan Allah," Goggo ta ce, muryarta ta canza gaba ɗaya, "a kan wannan kake zaune tun ɗazu?"

"Ba komai, Hajiya."

"Ba komai? Ni na taka na ji har ƙwaƙwalwata. Bashari, ka ji yaro ɗan mutunci. Ba shi ita kawai. Wanda ya jure wannan ai zai jure 'yarka."

Kun ji Goggo. Mai shagon Kwari ko sallama ba a yi masa ba.

Sai a lokacin hankalina ya dawo na tuna waya tana fassara rubutu. Na koma na haska makunnan, ashe na can ƙarshe ne na ƙasan, na sauke shi. Na dawo na ce an kashe, amma sai ya ɗauki lokaci kafin ya huce. Na tsaya bayan labule ina jiran in ji Abba ya yi dariya.

Bai yi ba.

"Tun yaushe ka ji zafin?" ya tambayi Shakir.

"Tun da na zauna, Abba."

"Me ya hana ka magana?"

"Na ji nauyi."

"Ka ji nauyi." Abba ya ajiye tabaran a kan tebur. "Kullum ina ganin irinku a asibiti. Mutum ƙashinsa ya tsage, a tambaye shi ya ce da sauƙi, sai abu ya lalace a kwaso shi a kawo min. Yaya tana yaba maka, ni ban yaba ba. 'Yata kake nema. Ran da wani abu ya fara ci a gidanku, rashin lafiya ne, rashin kuɗi ne, ko ita ce ta ɓata maka, haka za ka naɗe ƙafa ka ce ba komai har ya cinye ku?"

Na dafe bango. Na ce shi ke nan, na cece shi daga hannun Goggo na miƙa shi ga wanda ba a ɗaukaka ƙara a wurinsa. Hawaye ya cika min ido, kwallin da na ɓata lokaci a kansa ya fara bin kumatuna.

"Tashi ka zauna nan," Abba ya ce, ya dafa gefen kujerar da yake kai.

"Dakta, ai da an bar shi..." Malam Jibirilla ya fara.

"Malam, bar ni da shi."

Shakir bai motsa ba. Ina ta ce masa a zuciyata tashi mana, tashi, don girman Allah.

"Ba ka ji ba ne?"

Sai ya ɗago kai, karo na farko tun shigowarsa, ya kalli Abba.

"Na ji, Abba. Tunda gaskiya ake so, zan faɗa. Ba zan iya zama kujera ɗaya da kai ba, ko yau ko nan gaba, haka aka rene ni, a yi min uzuri. Sannan ko da zan iya, ƙafafuna sun mutu tun kafin a kawo gahawa, ba zan iya miƙewa ba." Ya share gumin goshinsa. "Kuma ina jin na ƙone. Sosai."

Malam Jibirilla ne ya fara, dariya ta ƙwace masa yana toshe baki da hula. Goggo ta bi. Abba ya yi ƙoƙarin riƙe fuskarsa, ya kasa, ya yi dariya har da buga cinya, irin wadda rabon da in ji tun ina ƙarama. Ya sauko da kansa ya kama Shakir ta hammata, yana taka ƙasan ya ce, "Kai, subhanallah," ya ja shi zuwa bakin ƙofa inda tayil yake da sanyi. Ya miƙar masa da ƙafafun yana murza su, Shakir yana ta a'a Abba, a'a Abba, kamar ya nutse don kunya.

"Mahbuba, na san kina bayan labulen nan. Je ki kawo man ƙuna da ruwa mai sanyi."

Na juya da gudu. Ban kai ƙarshen hanyar ba na ji ya ci gaba, da muryarsa ta kullum, kamar yana rubuta wa marar lafiya magani.

"Malam Jibirilla, ka kira mutanen Gusau. Ka ce na ce su turo."

Na tsaya gaban durowar magani da man a hannuna, ina kuka ina dariya, na kasa ko taku ɗaya. Farin ciki ne ya riƙe min ƙafafu. Umma ta zo ta kalle ni, ta goge min kwallin da bakin mayafinta, ta zare man daga hannuna ta kai musu da kanta.